Ɗaki guda, lungun falo ko gareji: ina ya fi dacewa ka yi wa karenka wurin zama?

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya ware wa karensa ɗaki a cikin gida, hotuna yake fara nuna min a waya, ga fenti mai kyau ga sunan kare an manna a bango ga ɗan gado har da filo, sai in ce masa ajiye wayar nan tukuna ɗan uwa, faɗa min abu biyu, a wane ɓangare na gidan ɗakin yake, sannan me za ka sa a ƙasa. In ka dace a waɗannan biyun sauran duk mai sauƙi ne, in kuwa ka kuskure su to ko nawa ka kashe a kwalliya daga kai har karen babu mai jin daɗi.

Ni kaina sai da na yi kuskuren kafin na gane. Karen da na fara riƙewa wani sito ne babba a can ƙarshen gida na share masa, fili kam akwai, ga ƙofar katako mai ƙarfi, a ganina na gama masa komai. Sati biyu bai cika ba ya cinye gindin ƙofar nan, kullum dare kuka, da safe in na buɗe sai in tarar ƙafafunsa na gaba sun yi ja saboda tono, kuma abin da ya fi damuna har yau shi ne na ɗauka rashin ji ne alhali tsoro ne yake cinsa. Da na dawo da shi wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin falo wanda bai kai rabin siton ba, na cire ƙofar na sa mai rabi yana hango mu, cikin 'yan kwanaki kukan ya tsaya. Tun daga nan na daina auna ɗakin kare da girma kawai.

Dalilin a fili yake, kare dabba ce da ba ta son kaɗaici. Karen da ya gama girma yana barcin awa 12 zuwa 14 a rana, kwikwiyo ma yakan kai 18 ko fiye, wato yawancin abin da zai yi a ɗakin barci ne, amma barcin ba ya yi masa daɗi sai yana jin motsin mutanensa a kusa. Ƙungiyar nan ta kula da dabbobi ta Birtaniya, RSPCA, shawararta ita ce kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4 a jere. To ka ga ɗakin ba wurin ajiya ba ne da za ka kulle tun safe sai dare, wurin hutawa ne da cin abinci da fakewa in gida ya cika da baƙi, kuma ba ya maye gurbin fita yawo ko kaɗan.

To bari mu ɗauki zaɓin ɗaya bayan ɗaya. Na farko ka ba shi ɗaki sukutum. Amfaninsa babba ne gaskiya, gashi da ƙura da warin jiki duk suna tsayawa wuri ɗaya, kana da ikon canza daɓen ƙasa yadda kake so ba tare da ka taɓa sauran gida ba, in kare ya kamu da ciwo mai yaɗuwa kana da inda za ka keɓe shi, in karya ce ta haihu ta samu wurin da ba a tattaka mata 'ya'ya, kuma in karnuka biyu ne ko uku to kusan dole ne ma. Matsalarsa ita ce wadda na faɗa, yawanci ɗakin da mutum yake iya sadaukarwa shi ne wanda ba kowa ke shiga ba, na can baya, kuma shi ne mafi muni ga kare. In ɗakin da kake da shi yana buɗewa ne zuwa falo ko hanyar da ake yawan bi ko kusa da ƙofar fita tsakar gida, ɗauke shi ba tare da dogon tunani ba. In kuwa sai an bi lungu biyu kafin a kai gare shi, tsaya ka duba zaɓi na biyu.

Na biyun shi ne ka yanki wani lungu a cikin ɗakin da ake zama, ka kewaye shi da shingen ƙarfe mai naɗewa ko kafinta ya yi maka na katako. Mutane suna raina wannan don bai yi kama da abin da suke gani a hoto ba, amma ga kare ɗaya ƙarami ko matsakaici, ko kwikwiyon da kake koya wa inda zai yi fitsari, ni dai ban ga abin da ya kai shi ba. Idonka yana kansa, da ya fara shinshina ƙasa yana zagaye ka san lokaci ya yi ka fita da shi, kuma kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari da yawa, abin da masu horarwa ke kwatantawa da shi shi ne kamar awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, ɗan wata 3 kenan wajen awa 3, to ta yaya za ka kiyaye wannan in yana can bayan gida ba ka ganinsa. Inda lungun yake gazawa, gashi zai shiga ko'ina, duk wanda ke da asma ko atishawa saboda gashin dabba zai sha wahala, babban kare mai ƙarfi zai ture shingen ko ya tsallake, sannan kare mai jin tsoron hayaniya ba zai samu inda zai ɓuya ba in yara suna guje-guje.

Na ukun shi ne wuraren da suke nan a gida ba a cika amfani da su ba, gareji, ɗakin wanki, ƙarƙashin matakalar bene. A nan ne nake so a yi hattara sosai. Gareji yana ruɗar mutane saboda faɗi da daɓen siminti, amma shi ne wurin da ya fi ko'ina tara guba a gida, ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireton mota yawancinsa yana da sinadarin etilin gilaikol, yana da ɗan zaƙi kare yana lasa, kuma kaɗan ya isa ya kashe masa ƙoda. Ga fetur ga baƙin mai ga maganin ɓera ga fenti, ga hayaƙin mota in an tayar da ita a ciki, sannan yawancin gareji ba shi da silin mai hana zafi, da rana ya zama tanda da dare ya yi sanyi ƙarara. In har ba za ka fitar da mota da duk tarkacen nan gaba ɗaya ba ka gyara rufin ka buɗe tagogi, to ka manta da gareji. Ɗakin wanki ya fi shi nesa ba kusa ba don akwai famfo akwai magudanar ruwa kuma ƙasan tayal ne tun asali, sai dai dole sabulun wanki da bilic su koma kabad na sama mai rufewa, safa da ƙananan kaya su daina zama a ƙasa don kare yana haɗiye su su toshe masa hanji har sai an yi tiyata, kuma ka lura ko ƙarar injin wanki tana firgita shi. Ƙarƙashin matakala kuwa makwanci ne mai kyau, kare yana son wuri mai rufi kamar kogo, amma makwanci ne kawai ba ɗaki ba, kada a sa masa ƙofa a rufe, iska ba ta zagayawa a wurin.

Akwai masu cewa me ya kai ni wannan wahalar, keji ai ya isa. Keji yana da ranarsa, tafiya a mota, kwanciya bayan tiyata, koyon tsafta na ɗan lokaci, kuma in za ka saya ka tabbata kare yana iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Amma ba wurin wuni ba ne. A Suwidin ma doka ta hana a riƙa kulle kare a keji a cikin gida, sai dai a irin tafiya ko wurin baje kolin karnuka. Abin da na ga ya fi aiki shi ne ka sa kejin a cikin ɗakin ko cikin shingen, ka bar ƙofarsa a buɗe ko ka cire ta, ya zama uwar ɗakinsa da yake shiga da kansa.

Maganar girma, in kana son ma'auni na gaske ba na ido ba, dokar kiwon karnuka ta Jamus ta ba da lissafi mai amfani. Karen da tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 50 ba, murabba'in mita 6, wato kamar mita 2 a mita 3. Daga 50 zuwa 65, murabba'in mita 8. Wanda ya haura 65, murabba'in mita 10. Duk ƙarin kare ɗaya a ƙara rabin wannan, kuma kada wani gefe ya gaza mita 2. Har taga sun auna, a ɗakin da ba na zaman mutane ba, wurin shigar hasken rana ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin takwas na faɗin ƙasan. Wannan na karen da zai daɗe a wurin ne, lungun falo da kare ke shiga ya fita ba sai ya kai haka ba, amma in ɗakin da za a rufe ne ka riƙe lissafin nan.

Yanzu ga inda kuɗi ke tafiya kuma inda aka fi yin nadama, wato ƙasa. Abu uku kake nema a lokaci ɗaya kuma suna faɗa da juna, kada ta sha fitsari, kada ta yi santsi, kada farce ya lalata ta.

Kafet dai a cire shi daga lissafi tun yanzu. Yana da taushi yana da riƙo, amma fitsari yana ratsa shi ya sauka ƙasa, zarnin ba ya fita ko ka wanke sau goma, kuma hancin kare yana jin abin da kai ba ka ji, duk inda ya ji zarni nan zai koma ya sake yi. Ga ƙuma, waɗanda kake gani a jikin kare 'yan kaɗan ne, mafi yawansu ƙwai ne da tsutsa da ke zube a shimfiɗa, kuma kafet shi ne gidansu. Katako da irin wanda ake kwaikwayon katako da matsattsen gari su ma ba na ba da shawara, ruwa na shiga ta mahaɗa sai su kumbura su ɗago, farata kuma su zane su.

Gasar gaske tsakanin uku take, tayal, leda mai kauri, da siminti da aka rufe da fentin efoksi. Tayal ba ya shan ruwa, farce ba ya yi masa komai, yana da sanyi kare mai yawan gashi yana son ya baje a kai lokacin zafi, kuma zai yi shekaru. Aibinsa biyu ne. Na farko santsi, mai ƙyallin nan da ke burge mutane a shago shi ne mafi haɗari, kare ya taso da gudu ƙafafu su rabu, tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ya kasa tashi har ya fara jin tsoron takawa, kwikwiyon babban iri da ƙashinsa bai gama ƙwari ba shi ma ba alheri ba ne gare shi. In za ka sa tayal nemi mai kaushi, akwai lambar riƙo da ake rubutawa a kwalin daga R9 zuwa R13, ka nemi R10 ko R11, wanda ya wuce haka kuma datti yana maƙalewa mofa ba ta tafiya. Aibi na biyu layukan da ke tsakanin tayal ɗin, simintin da ake cike su da shi yana shan fitsari, shi ya sa za ka ga ɗaki tas amma zarni na tashi. Maganinsa manyan tayal don layin ya ragu, a kuma cike da na efoksi.

Leda, ina nufin mai kaurin nan irin ta asibiti da ake shimfiɗa falle ɗaya a manne da gam, ba 'yar siririyar da ake yankowa a baza ba. Ita ce ta fi daɗin takawa, tana da ɗan laushi ga gwiwa, ba ta da sanyin tayal, ƙarar farata ba ta tashi da dare, kuma in mai aikin ya iya zai naɗe bakinta ta hau bango kamar santimita 10 ya zama kamar tire, fitsari ba shi da inda zai ɓuya. Inda take faɗuwa shi ne hannun kare mai tono da tauna, da ya samu baki ɗaya ya ɗago shi kenan sai ya yage ta, kuma in ruwa ya samu hanya ya shiga ƙarƙashi sai fumfuna. Ga tsohon kare ko mai natsuwa ita zan zaɓa. Ga matashin kare mai ƙarfin hali, a'a.

Siminti tsirara mutane suna ɗauka ba ya shan komai, alhali yana sha kamar soso a hankali, shekara ɗaya ɗakin ya riƙe warin da ba ya fita. Amma in aka goge shi aka rufe da efoksi sai ya koma abin da ya fi kowanne juriya, ba layi ba mahaɗa, ka sa tiyo ka wanke. Sharaɗinsa a barbaɗa ɗan yashi mai laushi a shafin ƙarshe don riƙo, in ba haka ba da ya jiƙe ya fi tayal santsi, a tabbata simintin ya bushe sarai kafin a shafa in ba haka ba zai ɓare, sannan a bar ɗakin ya sha iska kwanaki har warin ya fita kafin kare ya shiga. Yana da tauri, don haka dole shimfiɗa mai kauri, manyan karnuka da ke kwana a ƙasa mai tauri suna yin kanta a gwiwar hannu har wani lokaci ta kumbura ta tara ruwa. In karnuka sun kai biyu manya, ko kana sa ran haihuwa, efoksi ne zaɓina, sai ka jefa tabarmar roba mai nauyi a inda suke yawan tsayawa. Kuma in gini ne sabo ka roƙi birkila ya ɗan karkata daɓen zuwa magudana, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ya isa, wannan ƙaramin abu ne da zai hutar da bayanka shekara da shekaru.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan ƙasa mai wankuwa ba wari kaɗai ba ne. Cutar fabo, wadda ke sa kwikwiyo amai da zawo mai jini har ta kashe shi, ƙwayarta tana iya zama a wuri watanni tana jira, kuma yawancin sabulai ba sa kashe ta. Bilic yana kashewa, kamar mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, bayan ka fara kwashe ƙazantar ka wanke da sabulu, ka bar shi minti 10 sannan ka ɗauraye ka bari ya bushe. To wannan aikin tayal da efoksi da leda za su ɗauka, kafet da katako ba za su ɗauka ba. Don Allah kada a haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne ga kai da karen, kuma mai amoniya ma shi kaɗai bai dace ba don warinsa na kama da fitsari.

Bango ba sai an yi dogon bayani ba, tayal ko fenti mai sheƙi mai wankuwa har zuwa kamar ƙugu ko ƙirji, don kare yana goga jiki yana kakkaɓe ruwa, namiji kuma yana ɗaga ƙafa. Abin da ake mantawa shi ne tsaguwa. Akwai wata kaska mai ruwan ƙasa ta karnuka da ke iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin ɗaki, ta hau bango ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai, duk wanda ya taɓa fama da ita ya san ba wasa ba ne. A toshe kowace tsaga, musamman inda bango ya haɗu da ƙasa da gefen firam ɗin ƙofa. Launin fenti kuwa zaɓi wanda ya yi maka, kare shuɗi da rawaya yake bambancewa sosai, ja da kore ba ya raba su, ni dai na fi son mai haske don kaska ta fito fili in tana tafiya.

Ƙofa kuma uku ce. Cikakkiya tana rage ƙara da wari amma tana yanke shi daga gida, ita ce ta jawo min abin da na ba da labari. Ƙaramar ƙofar shinge irin ta hana yara wucewa tana da sauƙin sawa da cirewa, ta dace da ƙananan karnuka, sai dai ka duba tazarar sandunan kada kai ya shige ya maƙale, kuma ka cire masa abin wuya in zai zauna shi kaɗai don yana iya sarƙewa. Wadda ta haɗa amfanin biyun ita ce ƙofa mai rabi biyu, ƙasa a rufe sama a buɗe, ranar da ake buƙatar shiru ko ana tsawa ko wasan wuta sai ka rufe duka. Kunnen kare yana kama siririn sautin da tsininsa ya ninka iyakar abin da namu ke iya ji fiye da sau biyu, abin da kai ka ji kamar ba komai shi yana iya hana shi sakat. Ka sa mai walda ya lulluɓe gindin ƙofar da farantin ƙarfe, sakata kuma ta kasance ta waje, don hannun ƙofa mai dannawa ƙasa karnuka da yawa suna koyon buɗe shi.

Sai iska da zafi, kuma wannan maganar rai ce. Zafin jikin kare na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan kai, ba ya gumi kamar mu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa, in ya haura 41 an shiga haɗari. Dokar Amurka ga masu kiwo da lasisi ta ce kada zafin ɗaki ya wuce kusan digiri 29.5 fiye da awa 4 a jere, kuma kada ya sauka ƙasa da 10 ga ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya da masu gajeren gashi. Fanka tana taimakawa amma ba kamar yadda take yi mana ba tunda babu gumin da za ta busar, ita dai tana motsa iska ne. Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi, musamman ga masu gajeren hanci irin Bulldog da Pug da numfashi ke yi wa wuya, amma kada ran kare ya rataya a kan na'ura kaɗai, in wuta ta ɗauke kana waje ɗaki a rufe fa. Shi ya sa tagogi biyu masu fuskantar juna sun fi min komai, a sama inda ba zai kai ba, da raga mai ƙarfi. Taga ta ƙasa mai kallon titi tana mayar da wasu karnukan masu haushi wuni guda, duk wanda ya wuce sai sun yi masa. Soket a mayar da su sama, waya a bi da ita cikin bututu, kwikwiyo daga wata 3 zuwa 6 yana canza haƙora kuma duk abin da ya samu taunawa yake.

Wurin wanka a cikin ɗakin, a yi ko kada a yi? In karenka ƙarami ne da kake ɗauka da hannu ɗaya, ɓarnar kuɗi ce, baho ya isa. In babba ne mai yawan gashi ko mai shiga taɓo, wuri ne da za ka gode wa kanka, amma ka yi na ƙasa wanda zai taka ya shiga da kansa da ɗan bango gajere da shawa ta hannu, maimakon baho mai tsayi da sai ka ɗaga kilo 30 yana mutsu-mutsu. A sa rariya mai tace gashi a bakin magudanar in ba haka ba kai da filamba kun dinga haɗuwa kenan, kuma ka sani ruwa a ɗaki yana kawo danshi, in tagogin ba su isa ba gara a yi wankan a wani wurin.

Gado, mai ƙafa da aka ɗaure da yadi mai ƙarfi iska na bi ta ƙasa ya fi a wurin zafi kuma ya fi wuyar taunawa, katifar soso mai kauri ta fi ga tsoho da mai ciwon ƙugu, da sharaɗin rigarta tana cirewa a wanke da ruwan zafi kamar digiri 60 don ƙwan ƙuma. Kwano na ƙarfe mara tsatsa ya fi na roba da ke karcewa ya riƙe datti, ya fi na tangaran da ke fashewa. Teburin ɗora kwano da ake yayi kada ka saya don kyau kawai, wani bincike na jami'ar Purdue a Amurka a shekarar 2000 ya danganta cin abinci a kwano mai tsayi da ƙaruwar haɗarin murɗewar ciki a manyan karnuka, sai in likitan dabbobi ne ya ce ka ɗaga saboda wata lalura. Ruwa kullum a wurin, nesa da gado. Karnuka biyu kuwa kowa da kwanonsa da makwancinsa, kuma a raba su lokacin ci ko da suna shiri.

In ka ce in zaɓa maka kai tsaye, kwikwiyo ɗaya ko ƙaramin kare, lungun falo da shinge da kejin da ba a rufewa, ka shimfiɗa falle na leda mai kauri a ƙarƙashi. Tsohon kare, ɗaki a ƙasa ba hawa bene, kusa da ƙofar fita, leda ko tayal mai kaushi da tabarmar roba, katifa mai kauri. Manya biyu ko fiye, ɗaki sukutum, efoksi mai yashi, magudana, ƙofa mai rabi. Gidan haya, kada ka fasa komai, shinge da tabarmar roba da za ka naɗe ka tafi da su. Gareji sai in ya daina zama gareji.

Kafin ka kira birkila ko ka sayi tayal ko ɗaya, ka yi gwajin nan na kwana uku ko huɗu. Ka shiga wurin da ka zaɓa da tsakar rana lokacin da zafi ya fi tsanani, ka zauna a ƙasa daidai tsayin karen na minti 20 da ma'aunin zafi a hannu, ka ji ko iska na motsi, ka duba abin da bakinsa zai iya kaiwa. Sannan ka tare ƙofar da wani abu na wucin gadi, ka sa masa shimfiɗarsa da ruwa da abin taunawa, ka bar waya tana ɗaukar bidiyo ka fita na rabin awa. In ka dawo ka ga ya ɗan zagaya ya kwanta, fara aiki. In ka ga yana haki yana zarya yana tonon ƙofa har ka dawo, matso da wurin kusa da inda kuke zama ka sake gwadawa, in kuma bai canza ba ka kai bidiyon wa likitan dabbobi ya gani kafin ka kashe ko sisi a gini.